Gado Aboka da Jar Hular Gardi

Akwai wani mutum a Maradi zamanin mulkin Faransa, sunansa Gado. Aikinsa ware wasiƙu a gidan waya. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, tun yana yaro, yana jin Faransanci, amma bai yi nisa ba.

Yana da shekara talatin da takwas ya ji cewa ma'aikaci zai iya karanta matakin farko na ilimin doka ta hanyar wasiƙa, ba tare da ya bar aikinsa ba. Ya rubuta sunansa. Darussa suna zuwa a ambulan, shi da kansa yake ware su. In ya tashi aiki da la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya duƙufa har magariba.

Ai kuwa gari ya samu abin dariya. Aka laƙaba masa "Aboka", wato lauya. Da ya faɗi jarrabawar farko, har masu sayar da goro sai da suka tsokane shi.

Wanda maganarsa ta fi yi masa zafi shi ne surukinsa Maidawa, mahaifin matarsa Atika, wani tsohon manomin gero a Jiratawa. Ya ce wa ɗiyarsa, "Mijinki hwa, ga hurhura ta soma hito mai, shina zaman ƴan lakwal. Mi takardag ga za ta ba ku?"

Atika ta dawo da maganar gida tana hawaye. Gado ya saurare ta. Ya sake buɗe littafinsa.

Da damina ta zo, ruwan shuka ya sauka ranar Asabar, mai yawa. Duk manomi ya san lemar nan kwana biyu ce ko uku. Wanda bai zuba iri a cikinta ba, ya shiga uku.

Ranar Lahadi da safe Gado ya hau kekensa zuwa Jiratawa don ya taya surukinsa shuka, littafin darasinsa na cikin jaka kamar kullum. Yana isa ya tarar da gonaki wayam. Maza ashirin da uku suna tsugune a gindin wani gawo, sungumansu na shuka zube a ƙasa. Maidawa na cikinsu.

A gabansu ga Maliki, wani ɗan kwangila mai gina wa ƴan kasuwa kantuna a Maradi. Kusa da shi wani dattijo ne sanye da kaki da jar hula irin na gardi, wato ɗan sandan mulkin Faransa. Mutanen ƙauye sun sha wuya a hannun masu jar hular nan, ganinta kawai ya isa ya sa ƙato ya ajiye fartanya.

Maliki yana ta daka tsawa da sunan kwamanda, Baturen da ke mulkin yankin: "Kwamanda ya ce kwana goma sha biyar za ku yi kuna ɗaukar dutse! Ku tashi!"

Gado ya jingine keke. Ya yi sallama ya ce, "Maliki, ina takardar kwamanda?"

Maliki ya fashe da dariya. "Kai, Aboka! Koma ka lashi tambur ɗin wasiƙunka. Ba ka ga gardi ba?"

"Na ga hula. Takarda nika tambaya."

Ya ciro littafinsa ya buɗe. Ya karanta da Faransanci, sannan ya juya wa mutanen da Hausa: "Ku ji, iyayena. Tun shekara ta 1946 doka ta hana aikin dole. Ba mai ikon ɗaukar mutum aiki sai da yardarshi. Wanda duk ya tilasta wani, shi za a hukunta."

Shekara shida da yin dokar, ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗa musu a fili.

Gado ya ƙara da cewa, "In ƙarya nika yi, mu tahi gaban kwamanda yanzu, ni da kai da gardin. In ya ce shi ya aiko ku, ni zan soma ɗaukar dutsen."

Dattijon mai kaki ya sunkuyar da kai. A hankali ya cire jar hular ya cusa a aljihu. Ya ce, "Ni dai na aje aiki tun bara waccan. Cewa Maliki ya yi in tsaya kawai, ba sai na yi magana ba."

Duk da haka mutanen ba su motsa ba, tsoro ya riga ya zauna musu a jiki. Sai tsoho Maidawa ya miƙe, ya ɗauki sunguminsa ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta gaban Maliki ya nufi gona. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi shi. Maliki ya tsaya shi kaɗai yana kumfar baki.

Kafin lema ta tsane, Jiratawa ta gama shuka.

Da kaka ta yi, wata rana Gado ya dawo daga aiki ya tarar da jakuna a ƙofar gidansa. Damin gero ashirin da uku, kowane magidanci ya aiko da ɗaya. Atika na tsaye a bakin zaure tana murna. Maƙwabtan da suka saba yi masa dariya suka fito suna kallo.

Maidawa na zaune a kan tabarmar nan ta karatu. Gado ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa saboda kunyar suruki.

Tsohon ya ce, "Tashi, Aboka. Ɗauko littahin nan. Wurin da aka ce ba mai ɗaukarmu sai da yardarmu, ina son ka sake karanta mani shi. Sannu-sannu, in riƙe."

Darasi: Kada ka raina babban da ya koma karatu, kuma kada dariyar mutane ta sa ka rufe littafinka. Shafi ɗaya da Gado ya karanta bayan tashi aiki ya cika rumbunan gidaje ashirin da uku. Ku tura wa duk wanda ke cewa ya tsufa da neman ilimi.