Ranar Da Badaru Ya Sa Dattijo Ya Ɗaga Harshe

Akwai wani ma'aikacin lafiya a Sakkwato mai suna Badaru, wanda ke raba maganin tarin fuka a wani ƙaramin asibiti ta wajen Ƙofar Kware. Aiki kam ya iya, ba mai musu. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya. A wajensa, duk wanda bai warke ba, to wasa ya yi da magani.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai Baba Arzika, wani dattijo baduku daga unguwar Gidan Dare, mai ɗinka jakunkunan fata. Duk sati biyu yakan zo karɓar magani, kuma mijin 'yarsa, Gazali, shi ke kawo shi a babur. Kun san tsakanin suruki da suruki. Ko ruwa Baba Arzika ba ya sha a gaban Gazali, larura ce kawai ta hau da shi bayan babur ɗinsa.

Da aka shiga wata na biyar, aka sake gwada kakin dattijon, sai ga ƙwayar cutar tana nan daram. Badaru ya duba takardar, ransa ya ɓaci. Bai ja shi gefe ba. A nan gaban benci, mata da maza na zaune, ya ɗaga murya.

"Baba, hwaɗa min gaskiya. Maganin ga, sha kaka yi ko ajewa?"

"Wallahi ina sha, ɗana. Ko rana guda ban tsallake ba."

"Haka kowa ka cewa. To yau gabana za ka sha shi."

Ya miƙa masa ƙwayoyin da kofin ruwa. Baba Arzika ya saci kallon Gazali, ya juya baya ya haɗiye. Da Badaru ya tsaya nan, da da sauƙi. Sai ya ce, "Juyo. Buɗe baki. Ɗaga halshe in gani."

Dattijo mai furfura ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, a gaban surukinsa. Gazali ya sunkuyar da kai ya fice waje. Wata mata a benci ta ja mayafi ta rufe fuska. Badaru kuwa ya rubuta cewa daga yau kullum sai Baba ya zo ya sha a gabansa, ya kuma aika da kakin zuwa babban ɗakin gwaje-gwaje kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Washegari Baba Arzika bai zo ba. Jibi ma haka. Badaru ya ce wa abokiyar aikinsa Lami, "Kin gani ko? Mai gaskiya ba ya gudu."

Bayan sati uku Madam Deborah, masaniyar ɗakin gwaje-gwajen, ta kira shi a waya.

"Malam Badaru, wannan majinyacin naka, a nemo shi yau. Ƙwayar cutar da ke jikinsa tana da canji a wata ƙwayar halitta da muke kira katG."

"To, ai dama ba shi shan magani."

"Tsaya ka ji. Ɗaya daga cikin manyan magungunan nan, isoniazid, ba ya aiki da kansa. Sai ya shiga cikin ƙwayar cutar, wani sinadari da ita kanta take yi ya tashe shi, sannan ya kashe ta. Wannan katG ita ke ba da umarnin yin sinadarin. Idan ta canja, maganin zai shiga ya zauna kawai. Ko a gaban idonka ya sha kullum, ba abin da wannan maganin zai yi masa."

Badaru ya ce a hankali, "Amma gwajin hwarko ya nuna magani zai yi mai aiki lahiya lau."

"Wancan gwajin wani maganin daban yake dubawa, ba ya ganin wannan. Zai yiwu ma da irin wannan ƙwayar aka sa masa cutar tun farko. Akwai haɗin da zai yi masa aiki, amma kada a ƙara ɓata lokaci."

Ya ajiye waya, ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Duk wannan ya taɓa karanta shi a wani horo, ya ci shinkafa ya karɓi satifiket, ya manta. Yanzu ga mutum sati uku ba magani, kuma shi ya kore shi da bakinsa.

Da la'asar ya nufi Gidan Dare. Ya tarar da Baba Arzika a zaure, ya rame, basilla a hannu amma ɗinkin ya gagara. Badaru ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, na zo roƙon gahwara. Gaskiya kah hwaɗi, ni na yi maka ƙazahi. Cutar ce ta hi ƙarhin maganin."

Dattijon ya ajiye basillar. Sannan ya ce, "Tun rannan Gazali bai ƙara tako gidan ga ba. Ba hushi ya kai ba, kunyata ya ka ji. Ni ko na gwammace in mutu da tarina da in koma a sake buɗe min baki."

Badaru bai kare kansa ba. Ya je ya sami Gazali a shagonsa ya faɗa masa gaskiya. Da safe kuma, da Gazali ya kawo dattijon, Badaru ya miƙe a gaban benci ya ce wa kowa laifin nasa ne, Baba bai taɓa tsallake magani ba.

Baba Arzika ya ce, "Na yahe maka, duniya da lahira. Amma maganin, a bar yarinyar can ta riƙa ba ni."

Haka aka yi. Wata shida Lami na ba shi sabon haɗin, har Allah Ya ba shi lafiya. Kuma wata shidan nan, kowace safiya, dattijon yakan tsaya a teburin Badaru ya gaishe shi da mutunci, ya tambayi iyali, sannan ya wuce teburin gaba wurin Lami.

Darasi: Idan abu bai tafi yadda ka zata ba, bincika kafin ka ɗora wa mutum laifi, balle mara lafiya da ya kawo kansa hannunka. Ana iya yafe maka cin fuska, amma amincewar da ka ɓata ba lallai ta dawo ba. Mai tarin da ya ƙi ji kuma, kada ya daina zuwa asibiti, ya nemi a sake gwaji. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aikin jinya da masu jinyar wani a gida.