Kazar da ta Kwanta a kan Baragurbi

Akwai wani mutum, manomi, wanda annobar kaji ta shiga gidansa ta yi masa ƙarƙaf. Gidan da a da ba a iya shanya hatsi a cikinsa saboda kaji, sai ga shi ya yi tsit. Kaza guda tak ta tsira, wata wake-wake mai gajerun ƙafafu. Mutumin ya ce a ransa, "Wannan ita ce irin da ya rage mini. In ta tafi, kiwo ya ƙare a gidan nan."

Bayan 'yan watanni kazar ta yi ƙwai, ta shiga kwanci a ƙarƙashin rumbu. Wayyo, zo ka ga murna! Mutumin ya kare wurin da zana, ya kafa wa mutanen gidansa doka cewa kada kowa ya kusanci gindin rumbun nan, balle ya tashe ta.

Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, ba a ji kukan ɗan tsako ba. Mutumin ya ce wataƙila shi ne ya ruɗe da kwanaki. Kazar kuwa ta rage fitowa kiwo, daga baya ma ta daina. Ya watsa mata dawa, ta dube ta kamar tsakuwa aka zuba. Fuskarta ta koɗe, idanunta suna lumshewa, amma ta buɗa gashin jikinta ta cika wurin, in ka hango ta daga nesa sai ka ce ƙiba ta yi.

Gaban mutumin ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya ce, "Shi ke nan, annoba ta dawo." Ya jiƙa ɓawon maɗaci ya ajiye mata. Ya daka barkono ya zuba a ruwa. Ya je kasuwa ya sayo ƙwayar magani. Duk a banza, ko baki ba ta sa ba. A gona ma hankalinsa ba ya kwanciya, kafin ya kai ƙarshen kunya ya yar da fartanya ya dawo gida, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin rumbu, yana tsoron ya tarar ta miƙe ƙafa. Abu guda ne bai yi ba. Bai taɓa ɗaga ta ba, don kada ƙwai su yi sanyi.

Ana nan sai yayarsa ta zo daga ƙauyen da take aure, mace ce da ba ta tauna magana. Ta tarar da shi a durƙushe, ta ce, "Auta, addu'a kake yi wa rumbu?"

Ya gaya mata duka. Kafin ya rufe baki ta cusa hannu ta jawo kazar. Ya ce, "Yaya, ƙwan!" Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta duba hanci, babu majina. Ta taɓa ƙasan wuya inda abinci ke taruwa, wayam. Ta ɗaga fiffike, ga ƙuma tana yawo. Sa'an nan ta ɗora masa kazar a hannu, ta ce, "Riƙe, ka ji da kanka."

Ya riƙe. Ba nauyi ko kaɗan, gashi ne kawai, ƙashin ƙirjinta yana sukar tafin hannunsa.

Yayar ta ɗauki ƙwai ɗaya ta girgiza kusa da kunnensa, ya ji ruwa yana kaɗawa a ciki. Ta ce, "Ba annoba ba ce. Baragurbi ne, sun lalace tuntuni. Yunwa ke kashe ta, ƙuma na shan ɗan jinin da ya rage, ita kuwa tana jiran abin da ba zai zo ba."

Ya ce, "Yaya, a ƙara mata ko 'yan kwanaki. Wa ya sani, ko ɗaya na da rai."

Ta fasa ƙwan a kan dutse. Warin da ya tashi ya kori kowa daga tsakar gida. Ta girgiza sauran, duk haka. Ta ce, "Ko ƙwan, ko kazar. Ba za ka sami biyu ba."

Ya ajiye kazar don ya nemo fartanya, ita kuwa ta ja jiki ta koma ta sake rufe ƙwan. Da ya sa hannu zai kwashe, ta sare shi har jini ya fito. Ƙwalla ta cika masa ido, amma bai janye hannun ba. Ya kwashe su duka ya binne a bayan gida, ya ƙone tsohuwar ciyawar, ya shafa wa kazar toka a ƙarƙashin fukafukai, ya kife ta da kwando a inuwa inda take ganin haske. Ya ajiye mata ruwa mai tsabta da tsaki jiƙaƙƙe.

Ba ta ci ba. Ta yi ta zagaya kwando tana kuka, tana tura kai wajen rumbu. Mutumin ya ce, "Yaya, na kashe ta da hannuna." Yayar ta ce, "Bar ta ta yi kukanta." Washegari ya tono gara ya zuba mata, ya koma gefe ya tsuguna. Kazar ta daɗe tana kallo. Can ta sunkuya ta tsinci ɗaya, ta ƙara, ta kuma ƙara.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba ta da nisa. Kazar nan ni ce, kai ne, ke ce. Baragurbin kuwa shi ne abin da ya riga ya mutu amma muka ƙi tashi daga kansa. Wani a cikinmu maganar da aka gaya masa a wurin rabon gona yake ɗumamawa har yau. Wata kuma tana jiran ranar da wanda ya ci mutuncinta zai zo ya durƙusa mata, kafin ta yafe. Muna zuwa sujada ranar Lahadi da tufafi masu kyau, kowa na cewa lafiya muke, alhali addu'a ta daina shiga, Maganar Allah ba ta yi mana daɗi, zuciya ta rame.

Manomin nan kuma shi ne masu ƙaunarmu, waɗanda ke ta kawo mana magani amma suna tsoron su taɓa inda ciwon yake. In kana da ɗan'uwa irin wannan, daina leƙensa daga nesa. Je ka zauna da shi, ka tambaye shi gaskiya, ko da zai yi fushi da kai.

Kai kuma da ke kwance, ji ni da kyau. Zafin jikinka ba zai ba matacce rai ba, naka ran yake ci. Sa'ad da Ubangiji ya miƙo hannu don ya ɗauke abin, zai yi zafi, za ka ga kamar ƙwace ake yi maka. Yi kukanka, Ubangiji ba zai janye hannunsa saboda kukanka ba. Amma ka bari ya ɗauke tun kana da sauran ƙarfin da za ka tashi ka ci.