Tsibirin Kwaɗi Ya Yi Ƙaura

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha dariya!

Kura da Zaki ne ke jayayya a bakin tafki kan wani tsibiri da ba su taɓa takawa ba.

Kura ta ce, "Can aka binne cibiyar kakata."

Zaki ya ce, "Ƙarya, kakana ya dasa gambar iyaka."

Tsohon Kwaɗo, mai unguwar tsibirin, ya leƙo daga ruwa ya ce, "Ranku ya daɗe, mu mazauna ba a tambayarmu?"

Suka ce, "Wa ya sa da kai?"

Kwaɗo ya ƙunshe dariya, don tsibirin ciyawa ce zalla bisa ruwa, ko ƙasar binne cibiya babu. Ya koma ya tara jama'arsa, suka tsinke saiwoyi, suka tura garinsu gaba suna waƙa.

Har yau Kura da Zaki suna can suna shari'a kan ruwa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu!