Riƙon Barau

Dalilin da ya sa jikin mamaci yake sandarewa, yara, ku matso ku ji, kuma yau ban da dariya.

A can da, tsokar mutum ba ta san hutu ba. Cikin kowace tsoka akwai siraran igiyoyi masu ƙulli-ƙulli, da wani ƙato, Barau, wanda aikinsa jan su. Barau ba mugu ba ne, saki ne bai iya ba. Ƙanwarsa Yalwa ita ke gyara masa igiyoyin.

Su biyun suna zaune a hannun wata mata, Tabawa. Ran da ta haihu, ta kama hannun jaririnta don ta shafa. Barau ya ja, yatsunta suka rufe gam, suka ƙi buɗuwa. Jariri ya tsala ihu. Yalwa ta ji kukan har cikin ranta.

"Yaya, don Allah ka saki! Za ka karya yaron nan."

"Yunwa nake ji," in ji Barau. "Ina na ga ƙarfin buɗe hannu?"

Yalwa ta ruga ta ɗebo loma daga abincin da jini ke kawowa, ta tura masa a baki. Ya saki. Kafin ya sake cafka, ta yaye mayafinta ta rufe ƙullin.

"Daga yau ba ka taɓa igiya sai Tabawa ta nemi motsi. In ta nema za ta aiko da farin alli, in na gan shi in ɗage mayafi."

"Na yarda. Amma ni ma ba na saki sai da loma."

A haka aka zauna. Tabawa ta yi daka, ta yi goyo, ta tsufa, hannunta na kamawa yana saki.

Ran da ta cika, jini ya tsaya, loma ta yanke. Rumbun da ake ajiye allin, da yanzu ba mai tsaronsa, ya tsage, alli ya kwararo. Yalwa, baiwar Allah, ta cika da murna.

"Ta farka, Yaya! Ga saƙonta!"

Ta ɗage mayafi, Barau ya kama. Suka jira loma, shiru. Nan Yalwa ta gane.

"Yaya, saki. Ta tafi."

"A'a. Ai kira ta yi. In na saki, da me za ta tashi?"

Yalwa ba ta da abin sa masa a baki. Ta zauna gefensa tana kuka, shi kuwa yana riƙe, har hannuwansa suka lalace a kan igiyar.

Shi ya sa har yau, in mutum ya cika, ake hanzarin miƙe masa hannu da ƙafa kafin Yalwa ta ɗage mayafinta. In kun taɓa jikin kuka ji ya sandare, kada ku gudu. Barau ne a ciki, yana jiran mai jikin ya tashi.