Alhaji Burgu da Gawar Tsohuwarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, in ba ƙarya za ka shara mana ba.

Burgu dai tun yana saurayi ba shi da aiki sai haƙa rami yana zuba 'yan haya. Ya haƙe gonaki, ya haƙe filin idi, har maƙabarta ya yanka ta ɗaki-ɗaki. Ya yi tumbi, ya zama Alhaji.

Ran nan tsohuwarsa ta rasu. Aka yi mata wanka da sutura, ya tafi wajen Kunkuru mai haƙan kabari.

Kunkuru ya ce, "Allah ya jiƙanta, Alhaji. Amma ina zan sa ta? Inda muke binne mamata ai yanzu Bushiya ce a ciki da 'ya'yanta."

Ya je wajen Bushiya ya ce, "Baiwar Allah, taku uku kawai za ki matsa mini."

Ta ce, "Mu tara ne a ɗakin nan, Alhaji. Barci ma bi da bi muke yi."

Ya koma gida ya ce to, a tsakar ɗakinsa zai binne ta. Yana cikin haƙa sai ƙasa ta rufta, ya faɗa cikin tuwon Jaba. Ashe ƙarƙashin gadonsa ma ya ba da haya, ya manta.

Ya fito da makara ya zauna a rana yana kuka. "Inna, ina zan kai ki?"

Sai ga Ungulu ta sauka gefensa, ta gyara zama, ta shafa cikinta, ta ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ni ina da ɗaki guda, babu kowa a ciki."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, kowa ya kama gabansa.