Adireshin da Ke Jikin Zane

Akwai wani mutum, sakataren ikilisiya, wanda aka danƙa wa shafin ikilisiyar na intanet. Mutum ne mai son tsari, ko cokali ya gani a karkace sai ya daidaita shi. Wata rana ya dubi shafin, ya ce a ransa, "Wannan ai ɗakin gwauro ne." Sai ya hau kwashe-kwashe. Ya ɗauke shafin zumuntar mata ya kai sabon adireshi. Tsohon wurin kuwa, don kada ya zauna wayam, ya zuba masa sanarwar waɗanda suka rasu. Ya duba, ya ga ya yi kyau.

Ashe matan sun riga sun buga tsohon adireshin a jikin zanen ankonsu, ƙarƙashin hoton kurciya.

Ran Lahadi bayan sujada, Mama Keziya, shugabar mata, ta tare shi a bakin ƙofa, mata goma a bayanta.

"Sakatare, yaushe na mutu?"

"Mama, Allah ya sawwaƙe!"

"Ƙanwata ta ga zanen a hoto, ta shiga adireshin, ta ga an rubuta 'Sun Huta Daga Wahalarsu.' Ba ta tsaya karantawa ba, ta hau mota daga Zonkwa da kuka. Tana gidana yanzu, tana cinye mini doya."

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ko a gyara zanen?"

"Ɗana, mata ɗari biyu za ka bi da almakashi? To fara da matarka."

Ya waiga, ga matarsa a cikinsu, ta sunkuya tana danne dariya.

"Asabar za mu taron gunduma da zanen nan," in ji Mama. "In ka bar mu a kabari, sai mu nemi wani sakatare."

Ranar ko tuwo bai ci ba. Ya ƙaurar da sanarwar matattun zuwa wani shafi, ya sa tsohon adireshin ya riƙa tura duk mai shiga kai tsaye zuwa sabon shafin mata.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ubangiji ya ɗauke mu daga tsohon hali ya kai mu sabon wuri. Amma abokan dā, da maƙwabtan da muka taɓa zagi, tsohon adireshinmu kaɗai suka sani, can kuma za su neme mu. Kada su tarar da shiru. Ka koma ka gaishe su, ka faɗa musu inda kake yanzu da wanda ya kai ka. Wa ke tsaye a tsohuwar ƙofarka yau, yana ta sallama ba mai amsawa?