Rodin Barandar da Aka Tattake

Ku yaran yanzu, da kun riƙe takarda sai ku ɗauka hankali ma a makaranta ake raba shi. Babba na magana kuna latsa waya. To ku ajiye ta ku saurara, in kunnen naku na aiki.

Akwai wani injiniyan gine-gine da ake ce wa Dogo. Shekara talatin da biyar ya yi yana aiki kafin ya yi ritaya. Gadoji, benaye, tankunan ruwa, duk da sa hannunsa. Ko a gida in ya ga tsaga a bango sai ya sa farce ya auna ta.

Amma Dogo ba ya tsayawa ƙarƙashin baranda. Ko ruwa ake tsugawa gara ya jiƙe. Matarsa takan ce, "Mai gida, kai da ka gina rabin gari, inuwar gini kake gudu?" Sai ya yi dariyar yaƙe ya shige ɗaki.

Ga dalili. Yana sabon injiniya aka ba shi ginin wata makaranta mai bene, da baranda wadda ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Irin wannan baranda, rodinta a sama yake zama. In ya kwanta ƙasa, ba abin da ke riƙe da ita.

Ranar zuba kankare, leburori suka yi ta bi ta kan rodin da kwanoni a kai har suka tattake shi. Babban magini, wani mutum mai suna Gajere, ya sauko ya sami Dogo a cikin mota.

"Yallaɓai, rodin baranda ya kwanta. A dakata mu ɗaga shi."

Dogo ko fitowa bai yi ba. Ya ce, "Kai da ko zane ba ka iya karantawa, ni za ka koya wa rodi? A ci gaba da zubi."

Bayan sati uku aka cire sandunan tokara. Barandar ta zubo gaba ɗaya, ta danne wa Gajere ƙafa, sai da aka yanke ta. Da kwamitin bincike ya zauna, Dogo ya ce shi ya ba da umarni a ɗaga rodi, magini ne ya ƙi ji. Aka yarda da mai takarda. Tun daga nan ba wanda ya sake ba Gajere ko ginin kaji.

Dogo ya yi ta samun ƙarin girma a aiki, abin na cinsa a ciki kamar gara. Duk wurin aikin da ya je, shi da kansa yake hawa ya duba rodi, har ana yabonsa da tsantseni. Shi kaɗai ya san mafarin tsantsenin.

Bayan ritaya, ƙungiyar injiniyoyi ta ce za ta sa wa sabon zaurenta sunansa. 'Yarsa ta fari, ita ma injiniya ce, ta kawo masa takardar gayyata tana murna. Ya karanta, abinci ya gagare shi. Washegari ya shiga neman Gajere.

Ya same shi a bakin kasuwa kan benci, yana ɗaura wa cebur ƙota, sandarsa a jingine.

Gajere ya ɗaga kai ya ce, "A'a, Yallaɓai. Yau an fito daga mota ke nan?"

Dogo ya durƙusa. "Ka yafe mini, Gajere."

"Ƙafa na yafe tuntuni, ƙaddara ce. Takalmi ɗaya ma ya fi sauƙin wanki. Amma 'ya'yana sun tashi ana ce musu 'ya'yan wanda ya rusa makaranta. Ƙaryar nan a gaban mutane ka yi ta. Don me za ka kawo mini gyaranta a ɓoye?"

Ranar taro zaure ya cika. Aka miƙa wa Dogo abin magana don ya yi godiya. Ya faɗi komai: motar, rodin, da abin da ya ce wa kwamiti. Ba wanda ya tafa.

Ba a sa wa zauren sunansa ba. Abokan da ke cika masa falo suka ɗauke ƙafa. 'Yarsa, wadda kullum take kawo masa zane ya duba mata, ta ce, "Baba, duk abin da na sani a wajenka na koya. Ban san wanne zan riƙe ba yanzu." Tana zuwa gaisuwa har yau, amma ba ta sake kawo zane ba. Ga shi nan a gida da teburin aikinsa a share, ba mai tambayarsa ko kaurin bulo.

Darasi: Kada takarda ta sa ka raina gyaran na ƙasa da kai, kuma kada ka ɗora laifinka a kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Ƙaryar da ka ɓoye da ƙuruciya, da furfura za ka biya ta. Ku tura wa 'ya'yanku, musamman masu ji da digiri.